Faɗuwar Christopher Reeve daga kan doki da abin da ta bayyana game da aikin laka

Ranar Asabar 27 ga Mayu, 1995, ana gasar tsallake shinge da dawakai a garin Culpeper na jihar Birjiniya a Amurka. Cikin mahayan akwai Christopher Reeve, ɗan fim ɗin da duniya ta sani da Superman tun 1978, yana da shekara 42, a kan dokinsa Eastern Express wanda yake yi wa laƙabi da Buck. Shinge na uku ba ya cikin masu wuya, tsayinsa kamar mita ɗaya ne. Doki ya taho a guje, da ya iso bakin shingen sai ya turje. Duk wanda ya taɓa hawa ya san abin da ke biyo baya: doki ya tsaya, mahayi bai tsaya ba. Reeve ya wuce ta saman wuyan dokin, hannuwansa sun sarƙe da linzami bai samu ya dafa ƙasa ba, ya sauka da ka a kan katakon shingen. Ƙato ne, tsayinsa santimita 193, nauyinsa ya kusa kilo 100, kuma duk wannan nauyi a wuya ya sauka.

Yana sanye da hular kwano, saboda haka ƙwaƙwalwarsa ta tsira. Amma nan take numfashi ya ɗauke, sai bayan kimanin minti uku ma'aikatan agaji suka iso suka fara tura masa iska. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida, ke nan da ƙyar ya sha. Aka kai shi asibitin garin, daga can jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibitin Jami'ar Birjiniya da ke Charlottesville. Hoto ya nuna gaɓoɓi biyu na farko na ƙashin wuyansa sun farfashe, kuma lakar da ke bi ta cikinsu ta ji mummunan rauni.

Abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne Superman ya daina tafiya. A ganina rashin tafiyar shi ne mafi sauƙin abin da ya same shi. Wanda ya bi lamarin daga ranar faɗuwa zuwa ranar mutuwa zai ga ayyukan laka ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda mai lafiya bai ma san tana yi masa ba.

Inda laka take kwance

Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a kwankwaso, 5 da suka manne suka zama ƙashi ɗaya a tsakiyar ƙugu, sai 4 ƙanana a can ƙarshe. Kusan kowace gaɓa tana da rami ta baya, kuma da yake a jere suke sai ramukan suka haɗu suka zama dogon kogo guda. A cikin wannan kogo laka take. Ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta fito ta wata babbar kafa da ke ƙasan ƙoƙon kai, ta gangaro. Tsawonta santimita 43 zuwa 45, kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, nauyinta gram 35 ko kusa da haka. Taushi gare ta ƙwarai, tana naɗe cikin tantani hawa uku, kuma ruwan nan garai-garai da ya kewaye ƙwaƙwalwa shi ne ya kewaye ta.

Ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A jikin babba tana ƙarewa ne wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta kwankwaso, domin tun a ciki ƙashi ya fi ta saurin girma ya bar ta a sama. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne kawai ke reto cikin ruwa, masana suna kiransu wutsiyar doki saboda kamanninsu. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin duk wanda aka ce za a ɗebi ruwan bayan ɗansa don gwajin sanƙarau, da matar da za a yi wa allurar baya kafin a ciro mata jariri: ana soka allurar ne ƙasa da inda laka ta ƙare, tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu ko ta huɗu da ta biyar ta kwankwaso.

Jijiyoyi suna fita daga laka bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sahu 31: 8 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso, 5 a ƙasan ƙugu, 1 a ƙarshe. Likitoci suna yi musu lamba da harafi, C na wuya, T na ƙirji, L na kwankwaso, S na ƙasa. Kowane sahu da yankin da yake riƙe. C5 ke ɗaga kafaɗa ya lanƙwasa gwiwar hannu, C6 ke ɗaga wuyan hannu, C7 ke miƙe gwiwar hannu, C8 ke damƙe yatsu. T4 ke kawo jin fata a daidai nono, T10 a daidai cibiya. L3 ke miƙe gwiwa, S1 ke sa mutum ya yi ɗage. Mafitsara da dubura da al'aura suna hannun S2 zuwa S4, can ƙarshen layi.

Ƙa'idar guda ce: duk abin da ke ƙasa da wurin rauni ya rabu da ƙwaƙwalwa. Wanda lakarsa ta lalace a T10 ya rasa ƙafafu, amma zai tura kekensa da hannunsa. Wanda ta lalace a C7 zai iya ɗaga jikinsa daga gado zuwa keke ko da yatsunsa ba sa damƙa. Tazarar gaɓa ɗaya a wuya, 'yan santimita kaɗan, ita ke raba mai ciyar da kansa da wanda sai an ba shi a baki. Raunin Reeve kuwa a C1 da C2 yake, wato babu sauran abin da ya rage a samansa sai kai.

Waɗannan gaɓoɓi biyu sun bambanta da saura. Ta farko zobe ce da ƙoƙon kai ke zaune a kanta, da ita ake gyaɗa kai. Ta biyu tana da ɗan tsini da ya shige cikin zoben, a kansa kai ke juyawa dama da hagu. Kogon laka ya fi faɗi a nan, shi ya sa wani zai karya su lakarsa ta tsira. Amma idan ta taɓu sosai, galibi ba a kai mutum asibiti da rai.

Dalilin da numfashi ya tsaya, zuciya ba ta tsaya ba

Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, idan ta ja ƙasa ƙirji ya buɗe iska ta shiga. Wannan tsoka tana can ƙasan haƙarƙari, amma jijiyar da ke ba ta umarni daga wuya ta taso, daga C3, C4 da C5. Umarnin kansa daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, sau 12 zuwa 20 a minti, mutum na farke ko yana barci. Raunin Reeve ya faɗa tsakanin mai ba da umarni da mai karɓa. Tsokar lafiyarta ƙalau, jijiyarta ma lafiya, saƙo ne ba ya isowa.

Zuciya kuwa tana da nata makunni a jikinta da ke sa ta bugawa ba tare da jiran laka ba. Akwai kuma jijiyoyi sahu 12 da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa: su ke riƙe da gani, ji, motsin fuska, harshe da haɗiya, ɗaya daga cikinsu ma tana gangarowa har zuciya da hanji ta wajen ƙashin baya. Shi ya sa Reeve ya farfaɗo da hankalinsa, yana gani, yana ji, yana gane matarsa Dana, amma ba ya jin komai daga kafaɗa zuwa ƙasa. An huda masa maƙogwaro an haɗa shi da na'urar numfashi. Da ya koma magana, a kan bugun na'urar yake yi: ta hura, ya faɗi 'yan kalmomi, ya jira ta sake hurawa. Duk wanda ya ga jawabinsa a bikin Oscar na 1996 zai lura da wannan tsayawar.

Tari ma ya gagara, domin tsokokin ciki da na tsakanin haƙarƙari ke yin sa. Majina ta taru, ciwon huhu ya kama shi tun kwanakin farko, sai da ya lafa aka shiga da shi tiyata.

Abin da tiyata ta gyara

Ranar 5 ga Yuni, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa John Jane ya yi masa aiki. Ya ɗaure gaɓoɓin da waya, ya ɗebo ƙashi daga ƙugunsa ya cike tsakaninsu, ya kafe su da ƙasan ƙoƙon kai da ƙarfen titaniyam. Jaridu suka ce an sake haɗa masa kai da jiki, kuma ta fuskar ƙashi haka ne. Sai dai ƙashin kawai aka gyara. Babu likitan da ke ɗinke laka, ba a 1995 ba, ba yau ba. Amfanin irin wannan aiki shi ne a cire abin da ke danne ta, a kuma hana karyayyen ƙashi ci gaba da gurzar ta.

Lakar Reeve ba ta tsinke gida biyu ba, kuma haka yake ga yawancin masu irin wannan rauni. Dandatsa ta ake yi. Ɓarnar ma kashi biyu ce. Akwai ta lokacin faɗuwa, wadda ta riga ta wuce kafin kowa ya iso. Akwai kuma wadda ke biyo baya cikin awoyi da kwanaki: jini ya zuba a tsakiyar laka, ta kumbura a cikin kogon da ba ya buɗewa, ƙananan hanyoyin jini su matse, ƙwayoyin da suka mutu su saki sinadaran da ke kashe na kusa da su. A wancan zamani asibitocin Amurka sun saba ɗura wa majinyaci maganin methylprednisolone mai yawa cikin awa takwas na farko don rage wannan ɓarna, bisa wani bincike na 1990. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na ƙasar suka ba da shawarar a daina, saboda illarsa ta fi amfaninsa tabbata.

Wannan kashi na biyu shi ne wanda hannun mutane ke iya ƙarawa ko ragewa, kuma a nan lamarin ya shafe mu kai tsaye. Idan mota ta kife ko ɗan acaɓa ya faɗi, jama'a kan taru da kyakkyawar niyya, wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kai yana reto, a dunƙule mutum a kujerar baya. Wuyan da ya karye bai taɓa laka ba yana iya taɓa ta a wannan ɗaukar. Wanda ya ce wuyansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Kuma karayar baya ba ta mai ɗori ba ce, ja da matsa da ke gyara ƙauri su ne ke ƙarasa laka.

Abin da ke cikinta

Idan aka yanka laka a gicciye, za a ga tsakiyarta toka-toka ce mai siffar malam-buɗe-littafi, gefenta kuma fari. Tsakiyar ita ce mazaunin ƙwayoyin jijiya. Farin kuwa dogayen zaruruwa ne masu hawa da sauka, kowane na sanye da rigar kitse da ke sa saƙo gudu, wani har mita 100 a daƙiƙa. Kowace jijiya da ta fita tana da saiwa biyu: ta baya ke shigo da ji, ta gaba ke fitar da umarnin motsi. Charles Bell a Birtaniya a 1811 da François Magendie a Faransa a 1822 su suka gano wannan rabon aiki.

Zaruruwan ba a cakuɗe suke ba, kowane saƙo da hanyarsa. Umarnin motsi yana sauka ta gefe, bayan yawancinsa ya tsallaka daga dama zuwa hagu ko daga hagu zuwa dama a gindin ƙwaƙwalwa. Jin shafa da sanin inda gaɓa take ko ido a rufe suna hawa ta baya, ba sa tsallakawa sai sun kai sama. Jin zafi da sanyi da ciwo kuwa suna tsallakawa tun a inda suka shigo. Saboda haka wanda aka soka wa wuƙa ta yanke rabin lakarsa na dama, ƙafarsa ta dama za ta shanye, amma ta hagu ce za ta daina jin zafi. Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Morishiyas, shi ya bayyana wannan wajen 1850, har yau da sunansa ake kiran yanayin.

Mu a ƙasar Hausa mun san wata shanyewar da ta fito daga laka, wato shan-inna. Ƙwayar cutar tana zaɓar ƙwayoyin motsi da ke gaban tsakiyar nan mai toka-toka ta kashe su. Ƙafa ta yi laƙwas, ta tsotse, amma yaro yana jin komai a jikinta, kuma yana riƙe fitsarinsa. Na Reeve akasin haka ne. Ƙwayoyin motsinsa na ƙasa da rauni suna raye, hanyar da ke haɗa su da ƙwaƙwalwa ce ta toshe. Bayan makonnin farko da komai ya yi shiru, sai gaɓoɓinsa suka fara zabura da ƙanƙamewa da kansu, ba da saninsa ba.

Wannan zabura ita ke nuna cewa laka ba hanyar wucewar saƙo ce kawai ba. Kamar hakimi take, akwai ƙararrakin da take yankewa a gundumarta ba sai sun je fada ba. Mutum ya taka garwashi, ƙafa ta janye kafin ya san ya ƙone, domin saƙon ya shiga ta saiwar baya ya fita ta gaba, ƙwaƙwalwa sai daga baya labari ya iske ta. Likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ƙafa ta harba, duk aikin a L3 da L4 ya ƙare. A lafiyayyen jiki ƙwaƙwalwa tana danne waɗannan martani kada su wuce gona da iri. Idan an raba su, laka ta ci gaba da yanke hukunci babu mai tsawata mata.

Ayyukan da ba a gani

Daga Charlottesville aka mayar da shi cibiyar gashin ƙashi ta Kessler a New Jersey, ya zauna har Disamba 1995. A can ya koyi tuƙa keke da busawa da zuƙar wani ɗan bututu, ya kuma fara jure cire na'urar numfashi na ɗan lokaci ta hanyar amfani da tsokokin wuya. A can kuma wani maganin gwaji mai suna Sygen ya kusa kashe shi, jikinsa ya ƙi shi nan take.

Tsakanin T1 da L2 akwai wasu jijiyoyi da ba sa ƙarƙashin nufin mutum: su ke matse hanyoyin jini, su ke sa gumi, su ke ƙara bugun zuciya. Wanda ya ji rauni a wuya ya rasa linzaminsu. A zaunar da shi jininsa ya faɗi har ya suma. Zafi ya yi yawa jikinsa bai yi gumi ba. Mafi haɗari shi ne abin da ke samun masu rauni daga T6 zuwa sama, kuma ya sha samun Reeve. Robar fitsari ta lanƙwashe mafitsara ta cika, ko bayan gida ya tsaya, ko farce ya shige nama. Mutum bai ji komai ba, amma laka ta ji, sai ta matse hanyoyin jinin ciki da ƙafafu gaba ɗaya. Jini ya hau farat ɗaya, yana iya wuce 200, kai ya sara, fuska ta yi ja. Ƙwaƙwalwa ta aika a sassauta, saƙon ya tsaya a wurin rauni. Maganin shi ne a zaunar da shi, a kwance duk abin da ya matse shi, a nemo musabbabin cikin gaggawa, in ba haka ba jijiyar jini na iya fashewa a ka.

Sai fata. Mai lafiya yana gyara zama da kwanciya dare da rana bai sani ba, domin fatar da ta danne tana kai ƙara. Wanda ba ya ji, nauyinsa na danne nama a kan ƙashi, jini ya daina zuwa, cikin 'yan awoyi nama ya fara mutuwa daga ciki. Gyambon kwanciya ke nan. A 1997 wani gyambo a idon sawun Reeve ya ci har aka yi maganar yanke ƙafar.

Wannan da ciwon mafitsara su suka daɗe suna kashe masu raunin laka. Takardar likitancin tsohuwar Masar da ake kira da sunan Edwin Smith, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kwatanta mutumin da wuyansa ya goce, bai san hannuwansa da ƙafafunsa ba, fitsari na zuba, ta yanke cewa ciwo ne da ba a yi wa magani. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka masu wannan rauni sun mutu cikin makonnin farko. Wanda ya juya lamarin shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Ginshiƙin dabararsa shi ne a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma fitar masa da fitsari cikin tsafta. Har yau babu na'urar da ta maye gurbin wannan, kuma shi ne abin da iyali za su iya yi a gida ba tare da kuɗi ba.

Yatsan da ya motsa

Likitoci suna jera raunin laka daga A zuwa E. A shi ne cikakke: babu ji babu motsi a can ƙarshen layi, wato kewayen dubura, domin saƙon da ya fito daga nan shi ne wanda ya ratsa laka tun daga ƙasa har sama. B akwai ji babu motsi, C akwai motsi marar ƙarfi, D motsi mai amfani, E lafiya. Reeve a A yake. Abin da aka sani a lokacin shi ne duk sauƙin da za a samu cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake zuwa.

Bai yarda ya bar jikinsa ya lalace ba. Ana miƙe masa gaɓoɓi kullum, ana tsayar da shi a kan gado mai ɗagawa, ana ɗora shi a kan keken motsa jiki da wayoyi manne a cinyoyinsa, lantarki na matsa tsokoki bi da bi har ƙafafu su juya feda. A shekarar 2000, bayan shekara biyar, ya ga manuniyarsa ta hagu ta motsa lokacin da ya nufi ta motsa. John McDonald na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya ɗauki lamarin, aka ƙara masa atisaye har da na cikin ruwa. A 2002 ya wallafa sakamakon: makin motsi ya tashi daga 0 zuwa 20 cikin 100, makin ji daga ƙasa da 10 zuwa tsakanin 58 da 77 cikin 112, matsayinsa ya koma C. Ya iya motsa wuyan hannun dama da yatsun ƙafa, yana bambance zafi da sanyi, yana jin hannun 'ya'yansa a jikinsa. Ƙashinsa da ya zaizaye ya sake ƙarfi, cututtukan da ke kwantar da shi sun ragu sosai.

A nan sai a yi hattara. Mutum ɗaya ne, babu wani da aka kwatanta shi da shi, saboda haka ba a iya rantsuwa cewa atisayen ne ya kawo motsin. Kuma ba sabuwar laka ya tsiro ba. Hoto ya nuna tsakiyar lakarsa a C2 ta zama rami mai ruwa, sai wani siririn farin sashe da ya tsira a gefe. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin goma na zaruruwa kan isa a samu motsi mai amfani. Abin da ya fi kama hankali shi ne zaruruwan da suka tsira sun daɗe a kwance, yawan aiki ya farkar da su.

Me ya hana ta tsirowa, alhali jijiyar hannu idan ta yanke aka ɗinke tana tsirowa kamar milimita ɗaya a rana? Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya rubuta a 1928 cewa a ƙwaƙwalwa da lakar babba komai na iya mutuwa, babu abin da ke sabuntuwa, ko da yake ya bar wa na baya su sauya wannan hukunci. A 1981 Albert Aguayo da Samuel David a Montreal ta Kanada suka dasa guntun jijiyar waje a lakar ɓera, zaruruwan laka suka tsiro a cikinsa. Ashe suna iya tsirowa, muhallinsu ne ke hana su. Martin Schwab a Zurich ya gano furotin a rigar kitsen nan da ke tsayar da tsirowa, aka sa masa suna Nogo. Ga kuma tabon da ke kewaye wurin rauni, wanda ke tsare ɓarna kada ta yaɗu, ya kuma tare hanya.

Shekaru biyu na ƙarshe

A Fabrairu 2003, a Cleveland, likita Raymond Onders ya dasa masa wayoyi a tsokar numfashi ta 'yan ƙananan huji a ciki, wata ƙaramar na'ura a waje tana ba ta bugun da ƙwaƙwalwa ta kasa aikawa. Aikin ya yiwu ne saboda raunin yana sama da C3, ƙwayoyin jijiyar numfashi suna raye. Da a C4 ne ya dandatse su, da babu abin da za a kunna. Ya riƙa yin awoyi ba tare da babbar na'ura ba, kuma da iska ta koma bi ta hanci sai jin ƙamshi ya dawo masa, bayan kusan shekara takwas tana shiga ta maƙogwaro.

Yana da ma'aikatan jinya dare da rana, kulawar da rahotanni suka ce tana cin kusan dala dubu 400 a shekara. Duk da haka gyambon kwanciya ne ya sake kama shi a 2004, ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Daren 9 ga Oktoba, bayan an yi masa allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta, zuciyarsa ta tsaya. Ya rasu washegari a asibitin Northern Westchester da ke Mount Kisco a jihar New York, yana da shekara 52. Ba a binciki gawarsa ba, matarsa da McDonald sun fi zargin jikinsa ne ya ƙi maganin.

Gidauniyar da ke ɗauke da sunansa da na Dana tana cikin waɗanda suka ba da kuɗin wani gwaji a Jami'ar Louisville, wanda ya ginu a kan abin da Thomas Graham Brown ya nuna a kan kyanwa tun 1911, cewa tsarin taku yana cikin lakar kwankwaso. A ƙarshen 2009 tawagar Susan Harkema ta dasa wa Rob Summers, wanda mota ta kaɗe a 2006 ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa, faranti mai bakin lantarki 16 a kan tantanin lakarsa, ƙasa da wurin rauni. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2011: idan an kunna yana miƙewa tsaye ƙafafunsa na ɗauke da nauyinsa na 'yan mintuna, bayan wata bakwai kuma ya fara motsa yatsun ƙafa da nufinsa. Rahoton ya ƙara da cewa riƙon fitsarinsa da daidaita zafin jikinsa da ƙarfin namijinsa sun inganta, alhali ba su aka shiga nema ba.